Hannun Hagun Inna

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun shekaranjiya cewa na bar Uzairu zaune a bakin zaure na yi tafiyata, duk na gani, ban iya amsa wa kowa ba ne. Masu zagin Fa'iza kuma, ku ɗan dakata ku karanta na yau tukuna.

*

Kwana ashirin da uku ke nan rabon Uzairu da ɗakin mahaifiyarsa.

Duk unguwarsu a Kiru an san dalili. Inna Salamatu, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida wata biyu da suka wuce. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Babbar 'yarta Fa'iza, Maman Hafiz, ta baro gidan mijinta a Bebeji ta dawo jinya. Ita ce ta ga wani bidiyo a waya, ta yanko kwali ta rubuta baƙaƙe a jiki, tana riƙe hannun Inna na dama suna bin su ɗaya bayan ɗaya har kalma ta fito.

Da haka aka samu "ina son kunu."

Da haka aka samu "Allah ya yi miki albarka."

Da haka kuma, ranar wata Alhamis, aka samu "na yafe Uzairu, kada ya zo kan gawata."

Ba a yi wani dogon mamaki ba. Shi aka ba sautun maganin hawan jininta, ya wuce Doguwa ɗauko masara, ya kwana huɗu, ya dawo ya tarar da ita a gadon asibiti.

Kawu Abdulmumini ne kaɗai abin bai kwanta masa ba. Ƙanen Inna ne, kuma limamin masallacin unguwar. Ya ce bakin uwa ba abin da ake rataya wa ɗa ba ne da shaidar mutum ɗaya. Ya yi ta cigiya har aka ba shi lambar Malama Mubaraka, wadda aikinta ke nan a wani asibiti a Kano, taimakon waɗanda magana ta ɗauke musu. 'Yar Tudun Wada ce, takan zo gida ƙarshen mako.

Ranar Asabar da hantsi ta yi sallama.

Ba ta fara da Fa'iza ba, ba ta fara da Kawu ba. Ta cire takalmi, ta durƙusa gaban gadon ta ɓangaren da Inna ke gani sosai, ta gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar jiki da ta gida, tana dakatawa bayan kowace ɗaya kamar mai jiran amsa. Ta faɗa mata sunanta da sunan mahaifinta da abin da ya kawo ta.

Inna ta daɗe tana kallonta.

Wata biyu ke nan ana magana a kanta. An kwana biyu ba a yi magana da ita ba.

Fa'iza ta ɗauko kwalin da alfahari, ta nuna yadda suke yi. Mubaraka ta kalla har ƙarshe ba ta katse ta ba, ta yaba da tsabtar ɗakin da yadda babu ko gyambon kwanciya ɗaya a jikin Inna, ta ce wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sannan ta nemi izinin yin wani ɗan gwaji. Ta bayyana shi dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba. Za ta tsayar da kwali babba tsakanin fuskar uwa da 'ya. Za ta nuna wa kowacce hoto a ɓangarenta. Wani lokaci hoton iri ɗaya ne, wani lokaci daban, ba za ta faɗa ba. Sai a tambayi Inna abin da ta gani, Fa'iza ta riƙe hannun kamar kullum. Kawu zai tsaya a baya inda yake ganin duka biyun, ya rubuta.

Fa'iza ta yi dariya.

"Ki gwada sau ɗari ma, Malama. Innata ce."

Hotunan ba na ƙasashen waje ba ne. Mubaraka da kanta ta ɗauke su da wayarta ta wanko: buta, akuya, carbi, tocila, faifai, kwanon sha. Ta ce ta taɓa nuna wa wani dattijo hoton bahon wanka na Turawa ya ce kwale-kwale ne, aka rubuta cewa hankalinsa ya taɓu.

Aka fara.

B. U. T. A.

Fa'iza ta ɗago ta kalli Kawu. Kawu bai ɗago daga takardarsa ba.

Carbi. Faifai. Tocila. Hannun yana tafiya, kalmomi suna fitowa tsaf, babu ko tuntuɓe. Sau takwas aka yi. Fuskar Mubaraka ba ta nuna komai ba daga farko har ƙarshe.

Ta sauke kwalin, ta ce Malam ya karanta abin da ya rubuta.

Kawu ya gyara tabarau. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce sau huɗu hoton iri ɗaya ne, kuma duk amsar ta fito daidai.

"Alhamdu lillahi," in ji Fa'iza.

"Saura huɗu," in ji Kawu.

Ya karanta a hankali. An nuna wa Inna akuya, an nuna wa Fa'iza carbi, hannu ya rubuta carbi. An nuna wa Inna kwanon sha, Fa'iza tocila, hannu ya rubuta tocila. Haka na uku. Haka na huɗu. Ko sau ɗaya abin da Inna ta gani ita kaɗai bai fito ba.

 Ana jin kukan kaji daga tsakar gida.

Fa'iza ta saki hannun Inna a hankali ta ajiye shi kan zani.

"Me kike nufi?"

"Maman Hafiz, zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji. Kina nufin ƙarya nake yi wa mahaifiyata?"

"A'a."

"To me? Na bar mijina, na bar 'ya'yana. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta. Ki zo daga Kano da hotunan akuya ki ce ni na tsine wa ƙanena?"

"Da ƙarya kike yi, da ba ki yarda an gwada ba."



Mubaraka ta jawo tabarma ta zauna ƙasa, dole Fa'iza ta sunkuyo da kai don ta ji ta. Ta gaya mata wannan abin ba a gidan nan aka fara ganinsa ba. An gwada shi a ƙasashe da dama, shekara da shekaru, da iyaye da malamai masu gaskiya da ƙauna, kuma abin da ake samu ke nan: hannun mai riƙewa ne ke tafiya, shi kansa bai sani ba. Zuciya tana tsammanin kalma, yatsu su ɗan karkata, kaɗan ƙwarai, mai yi ba ya ji. Shi ya sa masu wannan aikin suka daina yarda da duk saƙon da sai an riƙe hannun mutum yake fitowa.

"Ni ma na yi," ta ce.

Fa'iza ta kalle ta.

Mubaraka ta ce shekararta ta farko a aiki akwai wata yarinya da ba ta magana, ta riƙe hannunta wata uku, ta rubuta wa iyayenta abubuwa masu daɗi har uwar tana kuka. Ranar da malamarta ta yi mata irin wannan gwajin, banɗaki ta shiga ta kulle kanta.

"A lokacin har rantsuwa na yi da Allah ba ni ba ce. Ni ce kuwa."

Fa'iza ta ja da baya. Ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta kamar na aro.

Da ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Har da albarkar?"

Mubaraka ba ta gane ba.

"Ta ce Allah ya yi min albarka. Sau uku. Ranar farko har sujada na yi." Ta ɗago kai. "Ni na sa wa kaina?"

Da wata ce, da ta ce a'a, wannan kam daga Inna ne. Kawu kansa ya buɗe baki zai faɗi haka. Mubaraka ta riga shi.

"Kalmomin da suka fito a kwalin nan, ba zan iya ce miki ko ɗaya na Inna ne ba. Ba zan ba ki abin da ban tabbatar ba. Amma ga ta nan da ranta. Mu nemi hanyar da za ta faɗa da kanta."

Fa'iza ta kifa kai a gefen katifa. Kuka take yi mara sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Tana cewa ta kashe yaron nan da ransa, kullum yana zaune a zaure kamar baƙo, ta aika masa abinci ya dawo da shi yadda yake. Ta ce ta ji haushinsa, ba za ta ɓoye ba, har yau tana ji. Amma ba ta taɓa nufin wannan ba.

A nan ne wani abu ya taɓa ɗankwalinta.

Hannun Inna ne. Na hagu. Ya taso da kansa yana rawa, ya sauka a kan 'yarta.

Mubaraka ta tsura wa hannun ido.

"Tun yaushe yake motsi haka?"

Kawu ya ce ai tun daga asibiti. Na dama ne ya mutu.

"To me ya sa ake riƙe na daman?"

Suka kalli juna. Fa'iza ta share fuska ta ce da shi Inna ke rubutu. Kuma ina aka taɓa miƙa wa babba abu ta hagu? Inna da kanta ta sha dukan hannunsu suna yara a kan haka.

Mubaraka ta juya ga Kawu ta tambaye shi hukuncin wanda damansa ta gaza.

"Lalura ce," in ji shi. "Ko abinci da shi za ta ci, babu laifi." Ya cire tabarau ya goge. "Wata biyu. Ina karantar da wannan babin, ban tuna da shi a ɗakin yayata ba."

Daga nan aiki ya tashi.

Ta sa aka tayar da Inna zaune, aka tokare bayanta da filo biyu, aka sa ɗaya ƙarƙashin gwiwar hannun hagu don kada ya gaji. Ta ɗora faranti mai faɗi a cinyarta. Ta fara gwada baƙaƙen, babu mai taɓa ta. Inna ta kalli kwalin, yatsanta ya yi ta yawo, ya tsaya a nan, ya tsaya a can, ta runtse ido cikin takaici. Mubaraka ta ɗauke kwalin nan take. Ta gaya mata kai tsaye cewa ciwon ya taɓa wajen da ke haɗa baƙaƙe, ba laifinta ba ne, kuma ba yana nufin ba ta fahimta ba. Wataƙila ya dawo da aiki, wataƙila wani ɓangare kawai. Yau dai ba da shi za a yi ba.

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Inna. Malamar da ta koya wa rabin unguwa karatu.

Mubaraka ta bar ta ta gama. Sannan ta fito da kati biyu manya, kore da ja, ta ajiye su nesa da juna a kan farantin. Kore na nufin e. Ja na nufin a'a.

"Inna, babu mai riƙe ki. Babu gaggawa. In kin gaji ki rufe ido, mu tsaya."

Ta fara da tambayoyin da kowa ya san amsarsu. Sunanki Hauwa? Hannun ya ɗauki lokaci kafin ya tashi. Fa'iza ta miƙo nata don ta taimaka, Mubaraka ta girgiza mata kai, ta mayar da shi ta danne a cinya.

Ja.

Sunanki Salamatu? Kore.

A Bebeji muke? Ja.

Ta musanya wa katunan wuri, don ta tabbatar ba wanda ya fi kusa kawai hannun ke faɗawa ba. Ta koma bayan gado inda Inna ba ta ganin fuskarta, ta ce Kawu ya ci gaba da tambaya, kada ya kalli katin da yake tsammani. Tambaya goma, tara daidai. Wadda aka rasa, Kawu ne ya jawo ta da tsawo har da "ko kuwa" a tsakiya. Mubaraka ta ce laifin tambayar ne, daga yau gajeru za a riƙa yi, abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Fa'iza ta matso, idanunta jawur.

"Inna, kunun da nake dama miki, kina so?"

Hannun bai yi jinkiri ba ko kaɗan. Ja. Ya ɗaga ya sake sauka. Ja.

Dariya ta ƙwace wa Kawu har da tari. Fa'iza tana kuka tana dariya, tana cewa wata biyu safe da yamma, wayyo Inna. Gefen bakin Inna na hagu ya ɗan ɗaga. Mubaraka ta baza hotuna huɗu, yatsa ya wuce kwanon sha, ya wuce buta, ya sauka a kan rediyo.

Fa'iza ta ce yanzu a tambaye ta maganar Uzairu.

Mubaraka ta ce a'a.

Ta ce Inna ta yi kusan awa tana aiki, hannun ya fara nauyi, kuma amsar gajiyayye ba abin dogaro ba ce. Maganar da ta raba ɗa da uwa ba za a warware ta da gaggawar da aka ƙulla ta ba. A bari ta huta, a yi azahar. Kawu ya gyaɗa kai, amma ya kasa zama, ya fita masallaci tun ba a kira ba.

Bayan salla suka dawo. An kunna wa Inna rediyo ta yi barci kaɗan ta farka. Mubaraka ta sake gwada ta da tambaya uku masu sauƙi, duk daidai. Sannan ta durƙusa.

"Inna, akwai magana mai nauyi a kan Uzairu. Kin yarda a tambaye ki?"

Kore.

"A gaban Malam da Maman Hafiz?"

Kore.

Ta ce Kawu ya yi tambayar, shi ne shaida. Ita da Fa'iza suka koma bayan gado.

Kawu ya matso kusa da gadon.

"Yaya, kin yafe Uzairu?"

Hannun ya tashi. Bai yi rawa ba wannan karon. Ya sauka a kan ja da ƙarfin da ya sa farantin ya yi ƙara.

Fa'iza ta toshe bakinta da mayafi.

Mubaraka ta zagayo ta musanya katunan, ta ce a sake, ta wata fuskar.

"Ke kika ce kada ya shigo ɗakin nan?"

Ja.

"Kina fushi da shi a kan maganin?"

Hannun ya tsaya a sama. Ya daɗe. Ya sauka a kan kore, a hankali.

Fa'iza ta kalli Mubaraka a firgice. Mubaraka ta ce a rubuta shi yadda ya fito. Uwa tana iya fushi da ɗanta ba ta yafe shi ba, kuma ba su zo nan don su zaɓar mata amsa mai daɗi ba.

Kawu ya share gumi.

"Kina son ganinsa?"

Kore. Kore. Kore. Ba ta daina bugawa ba sai da Mubaraka ta ce an gani, Inna, an gani, duk mun shaida.

Fa'iza ta riga ta fita da gudu babu takalmi. Suka ji tana kiran sunansa a zaure, a ƙofar gida, a wajen mai shayi. Ta dawo tana haki ta ce ba ya nan, tabarmarsa ma a naɗe take. Ta zaro waya, yatsunta suna kuskuren lamba, ta samu ta danna kira ta kara a kunne.

Wayar ta fara ƙara.

A cikin ɗakin.

Suka juya gaba ɗaya. Kawu Abdulmumini yana tsaye, kansa a ƙasa. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wayar Uzairu, sunan "Yaya Fa'iza" yana haske a fuskarta.

"Kawu?"

"Bayan sallar asuba ya ba ni. Da makullin motarsa." Ya kasa kallon gadon. "Na roƙe shi ya jira zuwan Malama, ko zuwa azahar. Ya ce ya jira kwana ashirin da uku. Ya ce wanda uwa ta yafe ba shi da wanda zai kira."

"Ina ya tafi?"

Kawu ya juya wayar a hannunsa.

"Kawu, ina ya ce zai je?"

"Na tambaye shi sau uku. Bai faɗa ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Inna, irin wanda ba su taɓa ji ba tun ranar da ta faɗi. Ta ture farantin da hannun hagu, katunan suka zube ƙasa. Ta dafa bakin gadon, ta fara jan jikinta tana neman sauko da ƙafa.